Shekarar da Na Hana a Yanke Hanjin Yaya Hawwa

'Ya'yana, kun tashi kuna jin wannan labari gutsi-gutsi, kowa da yadda yake ba ku shi. Wasu sun ce muku na yi wa babban likita gardama a gaban jama'a har ya kore ni. Wasu sun ce mafarki na yi. Gwaggonku Hawwa kuwa, in ta tashi ba da shi, cewa take ita ta gano ciwonta da kanta, ni jaka kawai na riƙe mata. Ban yi mafarki ba, ba kuma wanda ya kore ni. Yanzu da kuka warwatsu, wasu a Damazin, wasu a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, idona kuma ya fara gajiya da biro, gara in rubuta muku yadda abin ya faru.

A lokacin ina aiki a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, ɗan gini mai ɗaki biyu a bakin hanyar Abu Hujar. Mutane suna ce mini Hakim, amma ni ba likita ba ne. Mataimakin likita ne, shekara uku na yi ina karatu, sauran kuma hannu da ido suka koya mini. Aikina zazzaɓin sauro, gudawa, harbin kunama da ɗinke wanda lauje ya sara. Mu uku ne wurin iyayenmu. Yaya Adam, Baffanku, shi ne babba, shi ya riƙe gida da gonakin dawa da riɗi tun rasuwar Baba, kuma maganarsa ɗaya ce. Sai Yaya Hawwa, wadda ta goya ni a bayanta saboda Inna ba ta da lafiya sa'ad da aka haife ni. Ta yi aure wajen Dinder da wani mai shanu, Malam Haruna, ta zauna can shekara ashirin da wani abu. Da ya rasu ta dawo gida da shanu huɗu da bakinta mai kaifi, Yaya Adam ya gina mata ɗaki a cikin gidansa.

Ciwon ya fara nuna kansa da kaka, ana tsakiyar yankan riɗi. Aka kawo mini ita a kan amalanken jaki, ta dunƙule, hannunta na dafe da gefen dama na mararta. Jikinta da zafi, ta yi amai sau biyu. Na danna wurin a hankali na saki, ta yi ƙara. Duk wanda ya yi aikin da na yi ya san abin da wannan yake nufi, ko kuma yana zaton ya sani. Na ce za'ida ce, wato ɗan guntun hanjin nan da ke kumbura, wanda in ya fashe yake kashe mutum. Na rubuta takarda, aka sa ta a mota zuwa birni, kafin la'asar an yi mata aiki an cire. Ina so ku riƙe wannan: wuƙar farko da ta taɓa cikin Gwaggonku, ni na aika ta gare ta. Washegari wata ma'aikaciyar jinya da muka yi karatu tare ta ja ni gefe ta ce za'idar da aka cire ba ta kumbura wani sosai ba, kusan lafiyarta ƙalau. Na ji maganar, na ce watakila da wuri muka kama ta, na sa ta a bayan kunne.

Wata uku ba su cika ba ciwon ya dawo, a daidai wurin da yake, ƙarƙashin tabon ɗinkin. Amma wannan karon ya canja hali. Ba ya kayar da ita lokaci guda, cin ta yake a hankali. In ta ci kisra, wainar dawar nan mai faɗi, ko loma biyar ce, bayan ɗan lokaci sai cikin ya murɗa, wani abu ya taso kamar dunƙulen hannu yana yawo a ƙarƙashin fata, ya yi ƙugi har na kusa da ita ya ji, sannan ya lafa. Sati guda gudawa, sati guda bayan gida ya ƙi fita. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta, da safe a tarar da shimfiɗarta jiƙe da gumi. Ta fara tsoron abinci. Awarwaron da ke hannunta tun aurenta, wanda ko da sabulu ba ya fita, wata rana ya zame da kansa ya faɗa cikin kwanon wanke-wanke. Na ba ta maganin atini, na ba ta na taifot, na duba bayan gidanta ina neman ƙwan bilharziya, wato tsargiya, tunda duk mun yi wanka a ruwan rafi. Ba abin da ya motsa.

Na daɗe ina kauce wa taɓa cikin da kyau, saboda kunya. Yayata ce, ta girme ni da shekara tara. Ran nan na kira Innarku ta tsaya a ɗakin, na tsaya ina murza hannu ina neman ta inda zan fara.

"Bukar," in ji Yaya Hawwa, "ni na wanke maka kashi shekara biyu. Yanzu kai ne mai jin kunyar cikina? Taɓa ka gaya mini mi ke ciki."

Na taɓa. A ƙasan cibiya ta dama, can ciki, yatsuna suka ci karo da ƙullu mai tauri, girmansa ya kai gwaiba babba, faɗin yatsu uku. Yana ɗan motsi in na tura shi. Na janye hannuna, na ce mata babu komai, sai an yi hoto. Ta kalle ni ta ce tun ina yaro in zan yi ƙarya kunnena na dama ke motsi.

Yaya Adam ya kai ta wurin wani likitan fiɗa mai asibitin kansa a birni, mutum mai suna da hannu mai kyau, na bi su. Aka yi hoton ciki da na ƙirji, aka auna jini. Likitan ya zaunar da mu biyu ba tare da ita ba. Ya ce bangon hanji ya yi kauri a daidai inda ƙaramin hanji ke shiga babba, kaluluwar da ke kewaye da wurin sun kumbura, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Mace mai shekarunta, da rama, da ƙarancin jini, da ƙullu a wannan wuri, abin da ya fi zato shi ne saratan, ciwon daji. Ya ce zai cire rabin babban hanji na dama ya haɗa abin da ya rage, kuma kada a ɓata lokaci. Ya sa ranar Asabar. Yaya Adam ya sa hannu a takarda yana hawaye, ni ma kuwa abin da na zata ke nan tun ranar da na taɓa.

Kwana biyar suka rage, muka dawo da ita gida a ƙara mata jini da abinci. Ranar Talata da hantsi na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tana soya gahawa, ba don ta sha ba, don ta ji ƙanshi kawai. Na zauna a gefen gadon igiya. Ban zo da niyyar bincike ba, na zo ne in zauna da ita, don a raina ina ganin kwanakinmu tare sun ƙare. Hira ta kai mu Dinder, ta kai mu kan Malam Haruna. Mu dai abin da aka gaya mana shi ne ciwon ƙirji ya kashe shi. Na tambaye ta wane irin ciwon ƙirji.

"Tari," ta ce. "Shekara guda da rabi yana yi. 'Yan'uwanshi sunka ce taba ce."

"An kai shi asibiti?"

"Shi? Ko allura bai yarda da ita ba. Ni ke wanke tsumman da yake tofawa. Daga baya da jini a ciki, na riƙa ɓoyewa kada a guje mu."

Na tambaye ta nono, ko tana dafawa kafin ta sha. Ta yi mini kallon wanda ya zare. Ta ce tun da take ba ta taɓa ɓata nono da wuta ba, daga hantsar saniya sai ƙwarya sai baki, da ɗuminsa. Na ce shanun nata huɗu fa, lafiyarsu lau? Ta ce ban da jar nan, wadda ke ta rama tun bara tana wani tari kamar tsoho.

Na tashi ban yi sallama ba, na nufi ɗakin magani, na zaro tsohon littafin karatuna daga ƙasan akwati, gara ta ci gefensa. Akwai wani malaminmu, dattijo mai gurguwar ƙafa, da ya taɓa tsayar da mu a kan gadon wani manomi mai kumburarren ciki ya ce mana daran, wato tarin fuka, ba a huhu kaɗai yake zama ba. Yana shiga ƙashi, yana shiga wuya, yana shiga hanji, kuma in ya shiga hanji wurin da ya fi so shi ne mahaɗar ƙarami da babba, a dama, ƙasan cibiya. Ya ce a can yakan yi shigar burtu, ya fito da kamannin za'ida, ko na saratan, mai shi kuma ko tari ɗaya ba zai yi ba. Shekara goma sha bakwai ban tuna da wannan darasi ba. Na karanta shafin a tsaye: zazzaɓin yamma, gumi, rama, ciwo bayan cin abinci, ƙugin ciki, ƙullu. Kamar wanda ya rubuta ya zauna a gidan Yaya Adam.

Washegari na koma wurin likitan ni kaɗai. Na jira har ya sallami mutanensa, na shiga da ladabi na faɗa masa abin da na ji. Bai raina ni ba, kuma ina so ku san haka. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga hoton ƙirjinta a gaban taga ya ce in duba, huhu fes. Ya ce ko da daran ne, ƙullun ya kusa toshe hanya, in ya cire ya aika a duba ai za a sani. Na ce gaskiya ne, amma ya dubi jikinta. Matar da ba ta da jini ba ta da tsoka, a yanke hanjinta a ɗinke, ɗinkin zai kama? In kuwa daran ne, ƙwaya kaɗai za ta narkar da shi. Na roƙe shi a yi mata manzar tukuna, wato a zura siririn bututu mai ido ta ƙasa a kalli wurin, a tsinko ɗan nama a duba.

"Ya Hakim," ya ce, "manzar sai a birnin Madani, kuma akwai layi. Sakamako sati biyu, ko uku. In saratan ne, ka ba shi sati uku kyauta. In hanjin ya toshe muku a hanya, aikin da zan yi cikin natsuwa ran Asabar wani zai yi shi a guje. Ka ɗauki wannan?"

Na ce ban sani ba ko na ɗauka, amma ina roƙon takardar. Ya rubuta, ya miƙo mini, ya ce Allah ya sa ni ne mai gaskiya.

Abin da ya fi wuya yana gida. Bayan sallar la'asar na sami Yaya Adam a tsakar gida, matan gida na jin mu, Yaya Hawwa na kwance a rumfa. Na yi bayani tun daga tsumman Malam Haruna har zuwa jar saniya. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙe.

"Kai ne kac ce za'ida, anka yanka ta a banza. Yanzu likita mai digiri ya ga abu a hoto da idonshi, kai kuma ka gani a bakin saniya?"

"Yaya, kuskuren farko shi ya sa nake tsoron na biyu."

"Tsoro kake ko girman kai? Mutanen ƙauye sun ce maka Hakim har ka yarda. Na sa hannu, halas, magana ta ƙare. Asabar za a yi."

Sai muka ji muryarta daga rumfa, ƙarama amma ba rawa a cikinta.

"Adam, hannunka ka sa, ba cikinka ba. An buɗe ni sau ɗaya ba a samu ɓarawon ba. Ba mai sake buɗe ni sai an leƙa an ga ko wane ne a ciki. Zan bi Bukar."

Yaya Adam ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo gare ni, a gaban kowa, ya ce in ta mutu jininta na wuyana, kuma ko ta mutu ko ta rayu, daga wannan ranar kada in sake taka ƙofar gidansa. Mutumin da ya sayar da bijiminsa ya kai ni makaranta ke nan. Na fita.

Muka sauka Madani a gidan wata 'yar ƙanwar Inna. Likitar da ke yin manzar sunanta Dakta Su'ad, yarinya ce a kaina, siririya mai tabarau. Da ta ji muna magana da Yaya sai ta yi murmushi ta gaishe mu da wata karyayyar Hausa, ta ce kakanninta Hausawa ne na wani ƙauye kusa da Kamlin, amma ita Larabci ya cinye mata harshe. Yaya Hawwa ta ce ba komai, in dai idonta bai karye ba. Dakta Su'ad ta sa na maimaita mata labarin duka, tana rubutawa. Sannan ta ce kada in ƙulla raina a kan daran kaɗai. Wannan kusurwa ta ciki, in ji ta, ƙarama ce amma masu haya a cikinta da yawa. Atini kan dunƙule ya yi ƙullu a nan. Ƙwan bilharziya kan taru ya yi haka. Akwai ɗan aljihu da ake haihuwar wasu da shi a jikin hanji, ya kumbura kamar za'ida. Akwai wani ciwo mai sa hanji gyambo ba tare da wata ƙwayar cuta ba, wanda a ido ba ka raba shi da daran, kuma maganinsa in ka ba mai daran ka hura masa wuta. Saratan kuma yana nan a layi, ba ta cire shi ba. Ta ce shi ya sa ba za ta ba da ko ƙwaya ɗaya a kan zato ba.

Kwana shida muka jira layi. Ranar manzar ta bar ni na tsaya a bayanta ina kallon allo. Na ga cikin hanjin yayata, ja mai sheƙi, har bututun ya kai wurin. Bakin mahaɗar ya murɗe ya ƙanƙance, ga gyambuna sun kwanta a gicciye kamar an ɗaura zobe. Ta tsinko nama wuri takwas. Da muka fito ta ce abin ya yi mata kama da daran, amma kama ba shaida ba ce.

A cikin kwanakin jiran sakamako ne Innarku ta yi mini waya ta ce takarda ta zo. Shekara huɗu ina neman a ɗauke ni kwas na koyon sa barci a ɗakin fiɗa, a Khartum, wanda da shi zan bar ƙauye in shiga babban asibiti. An ɗauke ni, ana so in bayyana cikin kwana uku, wanda bai zo ba a ba wani. Na zauna a bakin Nilu na yi ta kallon ruwa har azahar. Ba wanda zan bar wa Yaya, ni na ɗauko ta daga hannun likita da hannun Yaya Adam. Ban je ba. Ba a sake kirana ba, a ɗakin nan mai ɗaki biyu na yi ritaya. In kun taɓa tambayar kanku dalilin da ya sa kuka tashi a ƙauye alhali 'ya'yan abokan karatuna sun tashi a birni, to ga shi. Yaya Hawwa ba ta san da wannan takarda ba sai bayan shekaru.

Sakamako ya fito rana ta goma sha ɗaya, kuma bai ce komai ba. Kumburi kawai, ba a ga saratan ba, ba a kuma ga daran ba. Dakta Su'ad ta ce hakan na faruwa, ƙwayar daran a can ƙarƙashi take ɓuya. Ta ce za ta sa a ƙara yanka sauran naman a duba zurfi, ɗaya gutsuren kuma a sa shi a injin da ke gano ƙwayar. Sai ƙarin kwana biyar. Na fito da takardar a hannu ina jin kamar na sace wa yayata sati uku na rayuwarta.

Kwana biyu bayan haka, da tsakar rana, abin da likitan fiɗa ya faɗa ya faru. Cikinta ya kumbura kamar ganga, ta yi ta amai kore, ba iska ba bayan gida. Muka kwashe ta zuwa asibiti. Aka zura mata roba ta hanci, aka ɗaura ruwa, aka hana ta ko kurɓi. Likitan da ke bakin aiki ya ce in hanyar ba ta buɗe ba zuwa safiya, za su shiga da ita. Na yi wa Yaya Adam waya na faɗa masa. Ya kashe wayar. Kafin magariba ya iso da ƙurar hanya a rawaninsa, ya wuce ni kamar bango, ya shiga ya riƙe hannunta. Ya zauna a wancan ƙarshen baranda, ni a wannan.

Washegari da hantsi likitoci suka zo zagaye, an riga an kawo takardar shiga ɗakin fiɗa. Babban cikinsu ya ɗora abin saurare a cikinta, ɗaki ya yi tsit. A cikin wannan shirun ne Gwaggonku Hawwa, jikar malamai, ta saki iska mai ƙarar da har matar gadon ƙarshe ta ɗago kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitan ya cire abin sauraren daga kunne ya yi mata barka da Larabci, "Mabruk, ya Hajja." Ɗalibansa suka fashe da dariya, ni kuwa na jingina da bango ina kuka. Na yi shekara talatin ina aikin lafiya, ban taɓa jin sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Hanya ta buɗe, aka mayar da takardar fiɗa cikin fayil.

Rana ta uku bayan haka Dakta Su'ad ta shigo ɗakin da sauri, tabaraunta a goshi, takarda a hannu. Ba ta bari na miƙe ba.

"Hakim, daran ne! An gan shi. Babu saratan."

Yaya Hawwa ta dube ta, ta dube ni. "To mi ke nan?"

"Ke nan ƙwaya za ki sha, Hajja," in ji Dakta Su'ad da Hausarta. "Wata shida. Wuƙa babu."

Na karɓi takardar na karanta sau uku. Yaya Adam yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala da ƙarfi, ya gode wa likita, ya fita. Ni bai dube ni ba.

Muka dawo gida. Tunda an hana ni shiga gidan, kowace safiya kafin karin kumallo Yaya Hawwa kan fito bakin zaure, in miƙa mata ƙwayoyin in tsaya sai ta haɗiye. Rana ta biyu ta aiko a kira ni a guje, wai fitsarinta ya koma ja kamar karkade, wato zoborodo, na kashe ta. Na ce aikin maganin ne, na manta ban gaya mata ba. Ta ce da ma a makaranta ba a koya mana magana. Sati na uku zazzaɓi ya ɗauke. Ta fara neman abinci da kanta, har ta yi faɗa an ba ta kaɗan. Duk ranar Juma'a takan zo ɗakin magani in auna ƙullun da yatsu. Uku, sai biyu da rabi, sai biyu. A wata na huɗu na danna na danna, na juya ta hagu na sake dannawa, ban sami komai ba sai taushin ciki. Likitan dabbobi ya duba jar saniya ya ce ita ma tana da shi, aka kashe ta aka binne. Na duba duk mutanen gidan, Allah ya tsare su. Tun daga shekarar babu gidan da na shiga a ƙauyen ban yi maganar dafa nono ba, har aka riƙa yi mini waƙa da ita.

Da ta gama wata shida muka koma Madani aka sake leƙawa. Gyambunan sun warke, sai tabo, hanya kuma a buɗe. A kan hanyar dawowa na biya wurin likitan fiɗa na nuna masa takardun biyu. Ya karanta, ya miƙe tsaye daga kujerarsa, ya ba ni hannu, ya roƙi in bar masa kwafi ya nuna wa masu koyo a wurinsa. Kada wani cikinku ya ɗauki wannan labari ya ƙi fiɗa. Za'ida in ta kama da gaske, yankewa ake yi ba jira, kuma na aika mutane da yawa bayan Yaya, sun rayu saboda wuƙa. Abin da na koya shi ne, in ciwo ya dawo inda aka riga aka yi aiki, a zauna a tambayi mai shi yadda ya rayu, wa ya yi jinya, me yake ci, me yake sha.

Sati guda da dawowarmu Yaya Adam ya yi karama, wato yankan godiya ga Allah. Ya yanka raguna biyu, ya gayyaci ƙauye duka. Ni ba a aiko mini ba. Yaya Hawwa ce ta zo da kanta da hantsi, lulluɓe cikin sabon tob, babban mayafin matanmu, kumatunta sun ciko, ta kama hannun rigata ta ja ni ta tsakiyar gari har cikin gidan da na yi wata bakwai ban shiga ba. Maza na zaune a rumfa. Yaya Adam na tsakiyarsu, ya amsa sallamata a taƙaice bai ɗago ba. Ta zaunar da ni nan kusa, ta ƙi tafiya wajen mata, ta ce yau ranarta ce, inda ta ga dama za ta zauna.

Aka kawo marara, ɗanyar hanta da tumbi da aka yanka ƙanana aka zuba musu lemun tsami da barkono da albasa, abin da kowa ke jira a ranar yanka. Yaya Hawwa ta nannaɗe hannun riga ta miƙa hannu. Na ce mata a hankali, hanjin da ya warke jiya-jiya ba a sa masa ɗanyen nama.

"Bukar," ta ce, yadda kowa zai ji, "ka hana a yanka ni, na gode. Ka hana ni ɗanyen nono, na haƙura. Ka kashe mini saniya, na yi shiru. Wannan kam sai na ci."

Mutane suka yi dariya, ta sake kai hannu. Sai wani hannu ya riga ta, ya ɗauke kwanon gaba ɗaya. Yaya Adam ne. Ya ajiye shi can bayansa, ya jawo tiren gasasshen nama ya tura gabanta.

"Ba ki ji ba?" ya ce. "Hakim ya ce a'a."

Sannan ya zaɓi tsoka mafi kyau a tiren, ya ɗora a gabana, ya ce in ci kafin ta huce.